Jema Za Ta Sha Dafin Getsi, Amma Wa Zai Biya Mai Lambu?

Mutanen Dakata da Gama da Tudun Murtala ba su bukatar wani mai digiri ya zo ya gaya musu launin ruwan Getsi. Yau baƙi ne kamar ruwan karofi, gobe ja, jibi ya yi shuɗi-shuɗi da kumfa a kansa, kuma hanci yakan riga ido sanin an iso wurin. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan rafi shi ke kwashe ƙazantar masana'antun Bompai, ya gangara ya haɗu da Jakara, wadda ita ma ta ɗauko dattin Birni da Fagge da Sabon Gari, su biyu su tafi su zube a madatsar Wasai cikin ƙasar Minjibir. A gefen wannan hanya kuwa, dama da hagu, lambuna ne: latas, alayyafo, kabeji, karas, albasa, tumatir. Da asuba a yanko, kafin hantsi suna 'Yankaba, kafin azahar suna cikin tukunyarmu.

Kudancin gari ma haka zancen yake, in bai fi ba. Bompai ita ce tsohuwa cikin unguwannin masana'antu na Kano. Sharaɗa da Challawa sun biyo baya lokacin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, manyan majemun zamani da ke unguwar Challawa su ƙara nasu. Kogin nan kuwa shi ne wanda Kano ta fara jawo ruwan famfo daga gare shi tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, shi ne kuma yake haɗuwa da kogin Kano wajen Tamburawa ya nufi Wudil da Haɗeja. Malaman Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi shekaru suna ɗibar ruwan nan da ƙasar nan da ganyen nan suna aunawa, amsa kuwa kusan ɗaya ce kullum: akwai kuromiyam, akwai dalma, akwai kadmiyam, sau da yawa fiye da ƙimar da likitoci suka yarda da ita.

To, cikin malaman nan akwai masu cewa ana iya wanke ƙasar da ta sha dafi ba tare da katafila ba, watau a shuka waɗansu ciyayi da itatuwa, saiwoyinsu da ƙananan halittun da ke zaune jikin saiwar su yi aikin. Mun karanta maganarsu, mun ga gaskiya ce, muna kuma goyon bayanta. Amma muna so 'yan'uwanmu talakawa su fahimce ta sosai tun kafin 'yan siyasar gwamnati su ɗauke ta su mai da ita bikin dashen itace, a zo da motoci da makaɗa, mai girma ya sunkuya ya binne tsiro ɗaya a ɗauki hoto, bututun kamfani kuwa yana can bayan katanga yana zuba kamar jiya.

Bari mu fara da dafin kansa. Jima ba baƙuwar sana'a ba ce a Kano. Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna jeme fatar jar akuya, ana haura Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Da me suke jima? Da toka da kashin tattabara da bagaruwa, kamar yadda majeman Birni suke yi har yanzu. Ruwan yana da wari, ba mu musa ba, amma duk abin da ke cikinsa daga ƙasa ya fito, ƙasa kuma takan cinye shi. Majemar zamani ba ta jiran bagaruwa. Gishirin kuromiyam take zubawa, wanda yake gama aiki cikin kwana ɗaya, ya bar fata shuɗiya-shuɗiya. Fata kuwa ba ta shanye shi duka, wajen kashi ɗaya cikin uku yakan saura cikin ruwa, ya fita tare da gishirin da aka adana fata da shi, da farar ƙasa, da maganin tuge gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kuromiyam fuska biyu gare shi. Wanda ake jima da shi mai sauƙi ne, amma in ya gamu da wuta, ko da wata irin ƙasa, yakan juye ya zama mugun, mai cin fata da haddasa ciwon daji. Dalma tana fitowa daga batir da fenti, ita ke dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda, yana rauna ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan sha kada kadmiyam ya wuce giram 3 cikin lita miliyan ɗaya. Mai sayar da ruwa ya lissafa: duro 5,000 ke nan, abin da aka yarda da shi a cikinsu bai cika ƙaramin cokalin shayi ba.

Kada kowa ya zagi mai lambu. Ruwan Getsi ba ya ƙafewa da rani, ba a biyan kuɗinsa, kuma ƙazantar gari da ke cikinsa taki ce, ganye yakan yi kore shar ya yi faɗi. Mutum mai 'ya'ya takwas da kwata ɗin eka, an kai ruwan nan har bakin gonarsa, ba a kai masa wani ba, me ake so ya yi?

Yanzu ga yadda maganin yake. Kowane manomi ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya ga waɗansu 'yan ƙullutai a jikin saiwa, kowa kuma ya san gonar da aka yi gyaɗa bana takan yi wa dawa kyau baɗi. Abin da ke cikin ƙullutan nan halittu ne ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Mu da muka taso muna jin malamin tsabta yana kiransu ƙwayoyin cuta mukan zaci duk mugaye ne, alhali mafi yawansu ma'aikata ne. Ƙaramin cokali guda na ƙasa mai kyau yana ɗauke da miliyoyinsu, kuma inda suka fi cunkoso shi ne jikin saiwa, domin saiwa tana tsatso musu da wani ruwa mai zaƙi daga abincin da ganye ya haɗa da hasken rana. Su kuma su narkar mata da abincin da ke cikin ƙasa. 'Yan kasuwa za su gane wannan da sauri, ba ni gishiri in ba ka manda ne. Akwai kuma dangin naman kaza masu zare siriri fiye da gashi, suna manne wa saiwa su miƙa su ɗebo mata ruwa daga inda ba ta kai.

In dafin da ke ƙasa irin na mai ne, watau baƙin mai na makanikai da man gas da waɗansu rini na masaƙa, to, halittun nan cinye shi suke yi, ya koma iska da ruwa, ya ƙare. Saiwa ita ce ke ciyar da su, tana kuma huda ƙasa iska ta shiga su yi numfashi. Irin wannan aiki ne ake dogara da shi wajen ƙasar Ogoni da man fetur ya ɓata, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30. A riƙe wannan adadi, za mu koma kansa.

Amma dafin Kano yawancinsa ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya ciwuwa. Babu halittar da za ta cinye dalma ta ɓace. Abu biyu kaɗai ake iya yi. Ko dai a sami shukar da za ta zuƙe shi ta hau da shi cikin ganye, a yanke ganyen a kwashe, a sake shukawa, a sake yankewa, har ƙasa ta yi sauƙi. Ko kuwa a ɗaure shi inda yake, saiwa ta riƙe shi, halittun ƙasa su juya mugun kuromiyam ya koma mai sauƙin, ciyawa ta rufe ƙasa kada iskar hunturu ta kwashi ƙura zuwa gidajen mutane, kada ruwan sama ya gangara da shi cikin rijiyoyi. Kadmiyam yana hawa ganye da sauƙi, saboda haka hanyar farko tana yi masa. Kuromiyam da dalma masu nauyin jiki ne, sukan tsaya a saiwa, sai dai hanya ta biyu. Wanda duk ya zo ya ce muku zai shuka ciyawa ta shanye dalmar gona cikin damina ɗaya, ku riƙe aljihunku.

Wani masanin ma'aikatar gona ta Amurka, Rufus Chaney, shi ya fito da shawarar zuƙe ƙarfe da tsiro a 1983. A 2001 aka bayyana wani tsiro na ƙasar Sin mai zuƙar gubar asanik, Sinawa kuwa suka shuka shi a gonakin da ruwan ma'adinai ya ɓata. Bayan gobarar tashar nukiliya ta Canobil a 1986 an gwada furen nan mai kallon rana a kan wani tafki, ya tsotse guba daga ruwa. Japanawa suka gwada shi a kan ƙasa bayan masifar Fukushima ta 2011, abin da ya cire bai taka kara ya karya ba. Watau dabara ce mai zaɓen wuri, sai an gwada ta a ƙasar da za a yi aikin, da tsiron da ya saba da zafin wurin.

Mu kuwa ba sai mun sayo iri daga Turai ba. Ga jema, ciyawar nan ta fadama da ake zana da faifai da malafa da ita. 'Yar'uwarta ta Indiya ita ce Bankin Duniya ya yi ta yaɗawa don tsai da zaizayar ƙasa, saiwarta takan nitse ƙafa 10 ko fiye, tana jure gishiri da ambaliya da fari, tana kuma riƙe yawancin ƙarfen a saiwa. Abin dariya, jima ta ɓata, jema za ta gyara. Ga zurman, wanda dabba ba ta cika kusantarsa ba, ana kuma sayen mansa don aikin masana'antu. Ga bini-da-zugu da muke shinge da shi, ga itacen turare mai shan ruwa kamar raƙumi. Cikin ruwa kuma ga kainuwa, ga kacala. Kacalar nan ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru har manoma da masunta suka yi kuka, amma in aka killace ta cikin kududdufin da aka gina don haka, ruwa mai datti ya bi ta cikinta a hankali, takan tace shi. Wanne ne zai yi a Dakata, wanne a Challawa, wannan aikin Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ne, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Don haka aka kafa su, da kuɗin jama'a ake biyansu. Ƙasarmu kuma rairayi ya yi mata yawa, gishirin majema ya ƙone ta, saboda haka sai an fara zuba mata takin gida kafin halittun nan su farfaɗo.

Me ya sa ba za a kwashe ƙasar kawai a huta ba? An yi haka a Zamfara. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can babu zancen jiran ciyawa, yara suna mutuwa, sai aka kankare ƙasar gidaje aka binne, aka kawo sabuwa. Bagega ba ta sami nata aikin ba sai 2013, bayan an yi ta jan ƙafa wajen sakin kuɗi. Inda dafi ya yi tsanani, kamar bakin bututu da inda ake jibge laka da shara na majemu, nan ma haka za a yi, babu makawa. Amma ku lissafa na lambuna. Ƙasar saman eka ɗaya, zurfin taƙi guda, nauyinta ya kai tan 1,000. Tifa mai ɗaukar tan 10 sai ta yi sawu 100 ta kwashe, ta yi wani 100 ta kawo sabuwa. Eka nawa ne daga Bompai zuwa Wasai? Japan, da duk arzikinta, ta fara sauya ƙasar gonakin shinkafa na kogin Jinzu da kadmiyam ya ɓata a 1979, ba ta gama ba sai 2012. Shuka ta fi araha nesa ba kusa ba, ɗan ƙauye ya iya ta, ba ta bukatar injiniyan waje. Tsadarta guda ce, lokaci. Ba damina ɗaya ba ce, ba biyu ba, a waɗansu wuraren ma yaron da aka haifa ranar shuka zai shiga makarantar sakandare ba a gama ba.

A nan ne muke ja wa 'yan'uwa kunne ƙwarai, domin maganin nan yana iya zama cuta. Abin da ya sa alayyafo da latas suke da haɗari a bakin Getsi shi ne su ma masu zuƙar kadmiyam ne. Watau aikin wanke ƙasa da tsiro an daɗe ana yinsa a Kano, sai dai cikin cikinmu ake zubar da abin da aka wanko. Saboda haka duk tsiron da aka shuka don wannan aiki ba na ci ba ne. Akwai masana da ke yabon rama don tana girma da sauri tana zuƙa, amma wace mace ce a Dakata za ta ga eka guda ta rama kore shar ta wuce ba ta tsinka ta yi kwaɗo ba? Mu dai ba mu ba da shawarar rama ba. Sa'an nan ga masu yankan ciyawa suna kai wa masu kiwon ragon layya, ga shanun da ke sauka fadama da rani. Dabba ta ci, dafi ya taru a hanta da ƙoda, ya iso teburin mahauci. Ga kuma toka. Kada a tara ciyawar a cinna mata wuta a fili, domin wuta tana iya mai da kuromiyam mai sauƙi ya zama mugun, kuma ba wanda bai san mata suna tace toka su zuba a miya ko su yi sabulu ba. Tilas a yi shinge, a sa mai gadi da albashi, a tanadi rami mai daɓe inda hukuma za ta binne abin da aka yanka. In ba a shirya wannan ba, gara kada a fara.

Babbar magana kuwa ita ce bututu. Ba a share ɗaki ana zuba shara ta taga. Ko an cika bakin Getsi da jema daga Bompai har Wasai, muddin ruwan rini da na jima suna fita ba a tace ba, abin da ciyawa ta riƙe a shekara za a mayar da ninkinsa cikin mako. Doka kuwa tana nan. Bayan da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa. A 2007 aka kafa NESREA, a 2009 aka fitar da ƙa'idodi musamman don masaƙu da majemu, waɗanda suka wajabta tace ruwa kafin a sake shi. Jihar Kano tana da Ma'aikatar Muhalli tata. Muna tambaya cikin ladabi, ranku ya daɗe: kamfani nawa ne a Bompai da Sharaɗa da Challawa suke da matatar ruwa mai aiki yau, ba wadda ake kunnawa ranar da sufeto zai zo ba? A buga sunayensu a jarida, na kirki mu yaba musu, masu saya su san su.

Masu majemu za su ce tsada, za su ce in an matsa musu sai su rufe, ma'aikata su rasa abinci. Mun san wannan waƙa. Mu ba mu neman a rufe ko ɗaya, 'ya'yanmu ne ke aiki a ciki, su ne ma suke tsoma hannu cikin ruwan kafin ya iso lambu. Amma kuromiyam da ke fita cikin ruwa kuɗi ne aka sayo shi daga waje, kuma akwai hanya sananniya ta kwantar da shi a ƙasan tanki a sake jima da shi. Cibiyar koyar da aikin fata ta Samaru ta san ta. A Indiya, Kotun Ƙoli ta ba da umurni a 1987 a rufe majemun Kanfur da suka ƙi kafa matata a bakin kogin Ganga, a 1996 kuma, cikin shari'ar majemun Belor, ta tabbatar da cewa wanda ya ɓata shi zai biya gyara har da diyyar manoma. Indiya ba ta daina sayar da fata ba.

Akwai kamfanonin da suka riga suka rufe, musamman masaƙu, tun da wutar lantarki ta gaza kuma kayan waje suka cika kasuwa. Masu su sun kwashe riba sun tafi, waɗansu sun mai da wurin sito. Kamfani ya rufe, dafinsa bai rufe ba. Amurka ta gamu da irin wannan, ta kafa asusu na musamman a 1980 don gyaran wuraren da aka rasa mai laifi. Mu ma muna da Asusun Kula da Muhalli tun 1981, ana yankar kasonsa daga kuɗin tarayya, jiha tana karɓar rabonta, ƙananan hukumomi suna da nasu. Ƙaramar Hukumar Nasarawa, wadda Dakata da Bompai suke cikinta, ta gaya wa jama'a abin da ta karɓa da abin da ta yi da shi.

Yanzu mun zo kan mai lambu, wanda saboda shi muka yi wannan rubutu. In aka ce masa daina shuka latas, shuka jema, to, an ce masa daina cin abinci ke nan shekara biyar ko goma. Mai kamfani ya sami riba, mai lambu ya yi azumi? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ra'ayinmu shi ne mai lambu shi za a ɗauka aikin, a gonarsa, a biya shi kowane wata abin da bai gaza ribar latas ɗinsa ba, daga kuɗin da aka karɓa hannun masu zuba dafi. Shi ya san ƙasar, shi ya san inda ruwa ke kwanciya, ba wani ɗan kwangila mai ofis a cikin jaka ba. Inda awo ya nuna ƙasa ba ta ɓaci sosai ba, a haƙa masa rijiyar burtsatse kamar yadda KNARDA ta yi wa manoman fadama a wurare da yawa, amma a auna ruwan rijiyar tukuna, domin wadda ke kusa da rafi takan sha daga rafin. Inda ta ɓaci, yana iya renon dashen itatuwa da furanni na sayarwa, da turare na azara, da jema ta zana in an auna ganyenta an ga ba laifi.

Sa'an nan akwai abin da ya fi ba mu tsoro. Ƙasar bakin Getsi da Jakara da can bayan gari ce, yau tsakiyar gari ce, kowane taku nata kuɗi ne. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa hannun Gwamna, ta ba shi ikon karɓe ta don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta shuka ce da gini, ba ta ƙasar ba. Da yawa cikin masu lambu ma aro suke, ko haya, ko jingina, ba su da ko guntuwar takarda. Ba wuya a wayi gari an kafa allo an ce wurin nan yana da guba, kowa ya tashi don lafiyarsa. A shuka ciyawa shekara guda, a shekara ta biyu a ga masu awo da igiya, a ta uku a ga katangar wani babba. Mutanen Kano sun ga yadda kududdufai da filayen makarantu da maƙabartu suka koma shaguna, ba sai mun ba su labari ba. Saboda haka kafin a dasa tsiro ɗaya, a rubuta sunan kowane mai lambu da iyakarsa, har da mai aro da mai haya, a gaban mai unguwa da shaidu, a ba shi kwafi, a kuma rubuta cewa ƙasa za ta koma hannunsa ranar da aka gama.

'Yan'uwanmu 'yan gwari na 'Yankaba da Rimi da Sabon Gari, mun san waɗansunku za su ji haushin wannan shafi, su ce muna kashe musu kasuwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kayan gwarin da ke shigowa Kano yawancinsu daga Kadawa da Kura da Ɗambatta da Jos da sauran wurare masu ruwa mai kyau suke zuwa, amma ranar da tsoro ya shiga zuciyar masu saya ba za su tambayi asalin kwando ba, duka za su ƙi. Wankewa da ruwan gishiri yana rage ƙwayoyin zawo da taifot, yana fitar da ƙurar da ke bisa ganye, a ci gaba da yi. Amma ƙarfen da ya shiga cikin jikin ganyen ba ya fita da wanki, ba ya fita da dahuwa. Ku ne kuka san lambun da kowane dami ya fito. Shugabannin kasuwa suna da ikon da kwamishina ba shi da shi: su nemi a riƙa auna kaya a bakin kasuwa kyauta, a manna sakamako a allo da Hausa, boko da ajami, kuma su tsaya tare da masu lambu wajen neman ruwa mai kyau, domin in lambun ya mutu dillali ma ya zauna.

Muna umurtar rassanmu na Dakata da Kawaji da Gama da Tudun Murtala, da na Sharaɗa da Panshekara da Tamburawa, kowanne ya zaɓi mutum uku, ɗaya mai lambu, ɗaya ɗan kasuwa, ɗaya mai iya rubutu. Su bi bakin rafi da ƙafa, su rubuta lambu nawa ne, na wane ne, me ake shukawa, daga ina ake jan ruwa, da kowane bututu ko kwata da suka ga yana zubowa, da launin ruwansa, da lokacin da ya fi zuba, dare ko rana. Kada a shiga harabar kowa, kada a yi faɗa da mai gadi, shi ma talaka ne. A kawo takardun ofishin jam'iyya kafin a fara shirin noman rani. Da su za mu je gaban ɗan majalisar jiha na kowace mazaɓa, da su kuma za mu je Jami'ar Bayero mu roƙi malamai su zaɓi eka ɗaya a Dakata su fara gwajin jema da zurman inda kowa zai gani da idonsa.